Bulo a Cikin Rumbu

Arlit, 12 ga Nuwamba 1973

Zuwa ga Yaya Hasiya, a Guci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun yi salla lafiya, ke da Inna da Baffa Maikano. Ni lafiyata ƙalau, ban da tarin siminti da ba a raba mu da shi a nan. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna, ki ce autanta har ƙiba ya yi, kada ta damu.

Tun da kika rubuto cewa ɗakin Inna ya rufta, tana kwana a rumfar kwanon da Baffa ke ajiye kayan gininsa, ban samu sukuni ba. Na san rumfar nan. In bazara ta kama, ko kaza ba ta yarda ta shiga.

To ga abin da Allah ya kawo. A shantiye, wato wurin ginin da nake aiki, muna gina wa ma'aikata gidaje da wani irin bulo da ban taɓa gani ba. Siminti ne da yashi mai laushi, amma sai an kaɗa wani ruwa ya yi kumfa a haɗa da shi kafin a buga. In ya bushe, cikinsa duk 'yan ramuka ne kamar cikin burodi. Da hannu ɗaya za ki ɗauke shi, da zarto ake yanka shi. Iskar da ke cikin ramukan ita ke tare zafi. Yaya, nan da tsakar rana ko dutse ba ya taɓuwa, amma in kika shiga ɗakin da aka yi da shi sai kin nemi mayafi. Da sanyi kuma ba sai an hura wuta ba. Ga shi siminti kaɗan yake ci.

Shef ɗinmu, shugaban aikin, ya ce waɗanda gefensu ya ɓare mu kwasa, ba za a sa su a gini ba. Tun kafin azumi nake tarawa, yanzu sun isa ɗaki guda. Mutari direba, ɗan Magariya, kamyonsa na ɗaukar kaya fanko yake komawa kudu, ya yarda ya ratsa ta Guci. Na naɗe su da takardun siminti na cusa cikin tsofaffin buhuna, don ba sa son gwaruwa. Akwai siminti buhu biyu tare da su.

Ki gaya wa Baffa kada rashin nauyin ya tsorata shi, haka aka yi shi. Ya ɗaga tushe taƙi guda daga ƙasa, ya jera da siminti kaɗan kaɗan, ya yaɓe bayan saboda ruwa. Shi magini ne, ba ni zan koya masa ba. Ni dai burina Inna ta shiga kafin zafi ya sauko.

Yaya damina ta bar ku? Nan ana ta cewa kudu ma ba a samu ba.

Ƙanenki,
Harisu


Guci, 9 ga Disamba 1973

Harisu,

Wa alaikas salam. Takardarka ta iso, mun ji lafiyarka, mun gode Allah. Mu ma muna nan. Inna tana zaune kusa da ni, abin da ta ce in rubuta shi nake rubutawa.

Ta ce kaya sun iso, ba abin da ya fashe. Ta ce Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ta ce ka riƙa shan madara saboda tarin.

Baffa ya ce ba a gini sai da ruwa, rijiya kuwa ta yi ƙasa, mun ƙara igiya har sau biyu. Saboda haka ba a fara ba.

Ka tambayi damina. Gero bai yi ba. Ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya. Ba mu kaɗai ba ne, har Mallawa haka. Mandar kuɗin da ka aiko watan jiya mun karɓa a Magariya, mun auno dawa da ita.

Inna ta ce ya isa haka, takarda tsada gare ta.

Yayarka,
Hasiya


Arlit, 15 ga Janairu 1974

Yaya Hasiya,

Gaisuwa da barka da salla. Ina lafiya. Na so in zo muku layya, shef ya ce ba kwanje, wato hutu, sai an gama rukunin gidajen da muke kai. Ki ba Inna haƙuri.

Kai, Yaya, ke dai ba ki sake hali ba! Kin ce gero bai yi ba, na kwana biyu abinci ba ya wuce mini. Sai ga Mutari ya dawo. Ya ce ya sake bi ta Guci bai samu tsayawa ba, amma daga kan kamyo ya hango gari. Rumbunan mutane duk a buɗe, an ture musu hula, ban da namu biyu, a liƙe da sabuwar laka. Ashe Baffa ya yi ajiya tun bara! Tsoho ke nan. Wallahi da na ji sai da na yi sujada a kan yashi. Tun muna yara haka kike, ko tuwo ya cika akushi sai kin ce bai isa ba.

Tunda ci ba shi ne damuwarku ba, na yanke shawara. Mandar wata biyu ko uku zan riƙe, in ba wani maƙeri a nan ya yi wa ɗakin Inna ƙofar ƙarfe da taga. Ɗaki irin wannan ba a sa masa asabari. Shuɗin fenti zan sa, na san tana son shuɗi.

Maganar ruwa kuma, ki gaya wa Baffa wannan ba kwaɓin laka ba ne da ke shanye rijiya. Tulu kaɗan ya isa a fara. Don Allah a fara. Sanyi na wucewa sai zafi, kin sani.

Ƙanenki,
Harisu


Guci, 18 ga Fabrairu 1974

Harisu,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Inna ta rame, amma tana salla a tsaye. Ƙafar Baffa ta fara kumbura. Bayan gari na fito, gindin aduwa, nake rubuta maka wannan, don kada ta ce in karanta mata.

Na karanta takardarka na ninke na ajiye. Ko haushi ban ji ba. Kai ma da ka fito daga gidan ka ji rumbu a liƙe ka ce hatsi ne. To me zan ce da mutanen gari?

Bulonka ne a ciki.

Ranar da Mutari ya sauke kaya, gari duk ya fito kallo. Buhuna suka gani ana shiga da su gida, daga wajen ɗan da ke aiki da Nasara. Wasu suka ce shinkafa ce, wasu suka ce sukarin kwali ne. Mutari ya sha ruwa ya wuce. Da aka watse Baffa ya kwance buhu ɗaya. Ya ɗaga bulon da ƙarfin da ya saba, saura kaɗan ya faɗi da baya. Ya karce shi da farce, farce ya shiga. Ya jefa guntu a kwatarniyar awaki, guntu ya taso yana yawo a kan ruwa. Na karanta masa inda ka ce haka aka yi shi. Ya ce, "Tun ba a haifi yaron nan ba nake gini. Tubalin da bai ciwo maka baya ba, ba zai riƙe maka rufi ba. Shararsu suka ba shi suka ce dabara ce."

Inna ta karɓi guntun tana juya shi a hannu. Ta ce, "Shekara uku yana can, a ce abin da ya aiko wa uwarsa ke nan, kumfa? A yi ta yi da shi a bakin rijiya?" Ta ce a ɓoye su. Rumbuna dama fanko suke. Baffa ya hau, ina miƙa masa, ya gama ya liƙe. Sai ta ce duk wanda ya buɗe rumbu ko ya buɗe baki, ba ta yafe ba, duniya da lahira. Ka san Baffa a hannunta ya tashi, ba ya ƙetare maganarta.

Sai ga taimako ya zo, jar dawa ta ƙasashen waje. Maigari da malamin rabo suka bi gida gida suna leƙa rumbu. Da suka zo namu suka tsaya suna duban laka. Maigari ya ce, "Maikano, kai Allah ya rufa maka asiri, ka bar wa waɗanda ba su da shi." Baffa ya sunkuyar da kai. Na bi maigari har zaure na ce wallahi ba hatsi ba ne. Ya ce to mene ne? Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya ce dama me mace ta sani a kan cikin rumbu. Ranar rabo ba a kira gidanmu ba.

A'i, wadda muka yi wasan ƙasa tare, ta zo da ƙwarya tana roƙon tiya ɗaya. Na ce babu. Ta dubi rumbu, ta dube ni, ta fita. Yanzu in mun haɗu a rijiya sai ta juya kai.

'Ya'yan anza na daji muke ci. A jiƙa a zubar, a jiƙa a zubar, ɗacin ba ya fita duka. Na toni gidan tururuwa na samu tsaba cikin tafi. Awaki sun tafi, saura ɗaya. Inna in an ba ta sai ta ce ta ƙoshi.

Abu biyu nake so. Ka bar maganar ƙofa ka aiko da manda. Kuma ka rubuto wa Inna da kanka, ka ce ka yarda a buɗe, in dariya ce a yi maka. Na roƙe ta, ta ce sai in kai ka ce. Bulon kirki ne ko shara ne, ni ban sani ba, kuma bai dame ni ba yanzu.

Zan ba mai zuwa kasuwar Magariya ya ajiye wannan a kantin da Mutari ke karɓar saƙo. Ka yi sauri.

Hasiya


Arlit, 21 ga Afrilu 1974

Yaya Hasiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, da Inna da Baffa. Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi.

Shiru ya yi yawa. Tun takardarki ta Disamba ban ga ko layi ɗaya ba. Na san ba ma ganin Mutari, an ce an karɓi kamyonsa ana jigilar abincin taimako da shi can wajen gabas, amma ai akwai gidan waya a Magariya. Ta nan na aiko wannan. Ko fushi kike don na ce ba ki iya godiya ba? Wasa nake, Yaya. In kuwa aikin gini ne ya sha muku kai, to na yafe.

Ƙofa ta kammala. Tana jingine a ɗakinmu, abokan kwanana har tsiya suke mini wai amarya zan yi. Tana da sakata ciki da waje. Tagar kuma da raga, sauro ba ya shiga. Sai Mutari ya ɓullo in ɗora masa.

Kun ji sojoji sun karɓi mulki? A rediyo muka ji. An ce za a ƙara fito da abinci a raba wa talakawa. Buzaye suna ta shigowa garin nan ba dabba ko ɗaya, abin ba kyan gani. Duk lokacin da na gan su sai in tuna rumbunanmu in yi hamdala. Ki ce wa Baffa in akwai rara ya taimaki maƙwabta, ba a san mai lada ba.

Zafi ya sauko nan sosai. Da rana in na shiga ɗakin da muke ginawa don in huta, sai in ce yanzu haka Inna ma tana kwance a nata. Ki gaya mini abin da ta ce ranar da ta fara shiga. Kalma da kalma nake so.

Ƙanenki,
Harisu


Guci, 14 ga Mayu 1974

Harisu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, a rumfar kwano. An kai ta kafin magariba. Ni da Baffa muna nan.

Takardarka ta Afrilu ta same ta da rai. Daga ita na gane tawa ta Fabrairu ba ta kai ba, tana can kantin Magariya tana jiran Mutari. Ban san da gidan waya ake kai takarda har can ba, da na sani ma ban da kuɗin kan sarki. Inna ta ce in karanta mata taka. Na karanta har inda ka ce ƙofa shuɗiya ce. Ta ce, "Madalla." Sauran na tsallake.

Zawo ne ya kama ta, ba ƙarfin da za ta riƙe shi. Kwanon rumfa har ƙara yake don zafi. Na fitar da ita gindin bango, rana ta zagayo, na mayar da ita. Ruwan alwalata nake jiƙa tsumma da shi in shafa mata. Na ce Inna ki janye maganarki mu buɗe rumbu, an sake kawo dawa. Ta ce, "Ke, yaron bai ce ba." Duk motar da ta ji sai ta tambaya ko ta Mutari ce. Daga baya ta daina tambaya.

Ban yi kuka ba. Na yi mata wanka tare da matan unguwa, na ɗaure, na fito na zauna. Har yanzu ina jira in ji wani abu, ban ji ba.

Washegari mutane suna zaune a ƙofar gida suna ta'aziyya, maigari na ciki. Baffa ya tashi. Ya ɗauki gatari ya hau rumbu da ƙafarsa a kumbure, ya fasa lakar. Ya riƙa zaro bulo yana jefowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya faɗo ya rabe biyu a gaban maigari. Maigari ya ɗauka, ya auna a hannu, ya leƙa ramukan, ya ajiye a hankali. A'i ta rufe fuska da mayafi ta shige gida.

Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba, Harisu. Na tsaya ina jira, ba wanda ya yi.

Rabon da aka yi shekaranjiya an kira gidanmu. Na dafa jar dawar, mun ci, ni da Baffa. Ta yi mana yawa.

An ce Mutari ya dawo hanya. Zan aika wannan kantin, sai ya haɗa maka da waccan.

Hasiya


Arlit, 3 ga Yuni 1974

Yaya,

Lafiyata lau. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Mutari ya miƙo mini takarda ɗaya a bakin shantiye, yana ta laluben aljihu. Ta Fabrairu ce. Na karanta a tsaye. Ban gama ba na yagi takardar siminti na durƙusa na rubuta wa Inna a kan gwiwata. Na ce Inna a buɗe, a buɗe yau, in ana so a tara gari a yi mini dariya. Na miƙa wa Mutari na ce ya juya yanzu, ko nawa ne zan biya. Ya ƙi karɓa. Ya ce akwai wata takardar.

Na koma aiki da yamma. Na jera bulo har aka tashi. Washegari ma na je. Abokan kwana sun juya ƙofar ta dubi bango don kada in riƙa ganinta.

Kin ce gero bai yi ba. A fili kika rubuta. Na zaɓi maganar wanda ya hango daga kan mota.

Ga manda, duk abin da ke hannuna ne. Shef ya ce kwanje sai Agusta. Ki gaya wa Baffa ya farfasa bulon nan ya zuba a kududdufi. Ba na so in zo in tarar da ko guntu.

Harisu


Guci, 24 ga Yuni 1974

Harisu,

Gaisuwa. Manda ta iso. Kumburin Baffa ya saɓe kaɗan. Ni ma ina nan. An yi ruwa sau biyu, mun yi shuka da irin da aka raba.

Saƙonka na a farfasa bai same su a ƙasa ba. Ruwan farko na sauka Baffa ya ce in ɗauko takardarka ta fari in sake karanta masa wurin da ka faɗi yadda ake jerawa. Na karanta. Ya ce in maimaita. Ya haƙa tushe a inda ɗakin Inna yake da, ya ɗaga shi taƙi guda. Ba wanda ya kira, kuma ba mai ƙarfin da zai zo. Shi kaɗai ya yi, yana jan ƙafa, don ko a yadda yake yana iya ɗaga bulon. Inda bai zauna daidai ba ya yanke da tsohon zarton Baba. Ni nake kawo ruwa. Ya rufa da azarar tsohon ɗakin, ya yaɓe baya. Tun da ya fara har ya gama ban ji ya ce bulon ya yi ko bai yi ba.

Ranar da ya sauko daga rufin na shiga da tsakar rana. Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Da sanyi, kamar yadda ka ce. Na daɗe a zaune. Daga nan ana hango rumfar kwano, taku kaɗan ne. Na tashi na je na ɗaure akuya.

Ba wanda ke kwana a ciki. Baffa ya ce ni in shiga, na ce shi ya shiga. Tabarmar Inna ce kawai a shimfiɗe.

Ranar sadakar arba'in rana ta yi zafi ƙwarai, irin na bayan ruwa. Mutane suka cika gida, aka rasa inuwa, Baffa ya ce manya su shiga ɗakin. Maigari ya shiga da malamin rabo da liman. Aka yi addu'a aka shafa, ba wanda ya tashi. Har la'asar suna ciki. Malamin rabo barci ma ya ɗauke shi. Mata suna leƙowa suna taɓa bango suna cewa ikon Allah, ɗan Inna ya yi abin kirki.

Da maigari zai tafi ya kira ni gefe. Ya ce shi ma tsohuwarsa zafi na wahalar da ita. Ya ce in tambaye ka ko za a samu irinsa, kuma nawa ake sayarwa.

To, na tambaya.

Yayarka,
Hasiya